Ga malamin da ake zuga ya ajiye alli ya shiga majalisa

Ɗana, idan kai malamin makaranta ne, kuma mutanen garinku sun fara sallama a ƙofar gidanka bayan isha'i suna cewa babu wanda ya dace da kujerar majalisar jiha sai kai, to zauna mu yi magana kafin ka ba su amsa. Hana ka ba zan yi ba. Siyasar Arewa ma ai daga aji ta fito. Sardauna Ahmadu Bello ya koyar a Midil ta Sakkwato, Shehu Shagari ya yi hedimasta a Argungu, Malam Aminu Kano kuwa daga kwalejin horon malamai ta Maru ya ajiye aiki a 1950. Amma wanda nake so ka ƙura wa ido shi ne Abubakar Tafawa Ɓalewa, tun yana ɗan majalisa, kafin a kai ga maganar Firayim Minista.

Ya gama Kwalejin Katsina a 1933, ya koma Bauchi ya koyar a Midil har ya zama hedimasta. A 1945 aka tura shi Landan ƙaro ilimin koyarwa na shekara guda, yana dawowa kuma ya samu kujera a sabuwar Majalisar Arewa da ke Kaduna. A watan Agustan 1950 ya miƙe ya kawo ƙudurin a binciki tsarin En'e gaba ɗaya, a gyara shi. Ku yaran yanzu ba za ku gane nauyin wannan magana ba sai an warware muku. A lokacin, sarki shi kaɗai ne hukuma a ƙasarsa. Kotun alƙali, 'yan doka, gidan yari, baitulmali, haraji da jangali, duk a ƙarƙashinsa suke, Bature na tsaye a bayansa. Yawancin 'yan ƙasa da ke zaune a majalisar mutanen En'e ne, shi kansa Abubakar daga En'en Bauchi ya fito. Duk da haka ya faɗi abin da kowa ya sani amma ake haɗiyewa: talaka ba shi da bakin magana a mulkin da ake yi masa, kuma cin hanci ya yi katutu. Ƙudurin ya tsallake da ƙyar. Cikin 'yan shekaru aka daina barin sarki ya yanke hukunci shi kaɗai ba tare da majalisarsa ba, a 1954 kuma aka yi sabuwar dokar En'e.

A ganina halin aji ne ya yi masa rana. Malamin kirki ba ya shiga aji bai shirya darasi ba, ba ya zagin wanda yake son ya fahimta, kuma ya saba maimaita magana har mai taurin kai ya gane. Wannan jarin kake da shi, ɗana, kuma shi ne abin da yawancin abokan takararka ba su da shi. Kada ka bar shi a ofishin hedimasta ranar da za ka miƙa makulli.

To amma hanyar shiga ta yi tsada. A 2022 fom ɗin takarar majalisar jiha a APC naira miliyan 2 ne, ba a zo maganar daliget ba, balle fosta da man mota da 'yan rakiya. Albashinka na shekara nawa ke nan? Nan ne ubangida zai fito da fara'a ya ce kada ka damu. Ka damu. Wanda ya saya maka fom, ranar da za a kaɗa ƙuri'a kan abin da ya shafe shi sai ya kira ka, kuma ba za ka iya ƙin ɗaga waya ba. Tsarin mulki ya ce ma'aikacin gwamnati ya ajiye aiki aƙalla kwana 30 kafin zaɓe, wato in ka faɗi, babu ajin da zai jira ka. Ka yi shawara da iyalinka, kada ka sayar da gonar gado, kuma ka ƙarasa wa ɗalibanka zangon karatun da kuka fara.

In Allah ya ba ka, ka san abin da aka aike ka yi. Majalisar jiha ba ta gaza mutum 24, ba ta wuce 40, kuma dole ta zauna aƙalla kwana 181 a shekara. Aikinta yin doka, tantance kasafin kuɗi, da bin sawun yadda aka kashe shi. Tana da ikon kiran kwamishina ya zo ya yi bayani. Har dokar da gwamna ya ƙi sa wa hannu, kashi biyu cikin uku na 'yan majalisa za su iya tabbatar da ita. Amma sau nawa ka ji an yi? Abin da muka saba gani shi ne a kawo kundin kasafi mai kaurin gaske, a amince da shi cikin 'yan kwanaki, shi ya sa jama'a ke ce musu 'yan amshin Shata. Kai da ka yi shekaru kana duba takardun jarrabawa har tsakar dare, ba ka da uzurin ɗaga hannu kan abin da ba ka karanta ba.

Ƙofar gidanka za ta cika tun asuba: mai suna, mai biki, mai takardar asibiti, mai neman buhun taki. Kada ka wulaƙanta kowa, ka yi abin da za ka iya. Sai dai rabon babura da kekunan ɗinki kowane mai kuɗi zai iya. Akwai abin da sai ɗan majalisa, kuma cikin 'yan majalisar ma sai wanda ya taɓa tsayawa gaban yara ɗari a ɗakin da rufinsa ya yaye.

Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta ware kashi 2 cikin ɗari na kuɗin shigar gwamnatin tarayya domin firamare da ƙaramar sakandare, amma jiha ba ta taɓa kason gine-gine sai ta ajiye nata daidai da shi. Jihohi da dama sun sha barin kuɗin nan kwance a Abuja, yara na zaune a ƙasa. Ka tambayi hukumar ilimin bai-ɗaya ta jiha, wato SUBEB, a zauren majalisa ko an ɗauko, in an ɗauko ina aka kai. Ka tambayi dalilin da malami zai samu ƙarin girma a takarda shekara da shekaru bai gani a albashi ba, da dalilin da wanda ya yi ritaya zai mutu yana bin garatuti. A 2022 aka yi dokar da ta kai ritayar malamai shekara 65 da haihuwa ko 40 a bakin aiki. Ka bincika ko jiharku ta aiwatar.

Akwai kuma jarrabawar da za ta zo maka har gida. A 2017 gwamnatin Kaduna ta yi wa malaman firamare gwaji, ta ce 21,780 sun faɗi, aka yi ta cece-kuce kan korarsu. Ni tambayar da ta fi damuna ita ce wa ya ɗauke su tun farko. Kai ma ka sani, da yawa daga cikin waɗanda ba su cancanta ba da 'yar takardar wani babba suka shiga aji. Watarana wani dattijo da ya yi maka wahala a zaɓe zai zo da ɗansa, ba shi da NCE, ko wasiƙa ba ya iya rubutawa, ya ce ko koyarwa ce a samar masa. Ka tarbe shi da mutunci, ka ba shi ruwa, ka ce masa za ka biya wa yaron kuɗin komawa kwalejin ilimi ko ka haɗa shi da mai koya masa sana'a. Zai tashi ransa a ɓace, wataƙila ma a zaɓe mai zuwa ya koma wa abokin hamayyarka da mutanensa duka. Kada ka sa hannu a takardar nan.