Malamin Firamare da Gwaggo Mai Daddawa

A wani ƙauye na ƙasar Zazzau akwai wani saurayi da Allah ya hore wa baki. Tun yana yaro, in za a yi wasan Kirsimeti a majami'a, shi ake ba dogon jawabi, domin ba ya mantuwa, ba ya in'ina. Ya tafi Zariya ya yi karatun malanta, ya dawo yana koyarwa a firamaren garinsu, kowa ya koma kiransa Malam. Ranar da dattawan ikkilisiya suka fara ba shi wa'azin Lahadi, mata har guɗa suka yi. Aka fito ana ta cewa, "Kai, yaron nan yana da baiwa!"

Shi ma ya yarda. Ya karanta wasiƙar Manzo Bulus ta fari zuwa ga Korintiyawa, sura 12, inda aka jero baye-bayen Ruhu Mai Tsarki, ya tabbatar wa kansa cewa tasa ita ce wa'azi. Wata rana da yamma ya sami Baba Fasto ya ce yana so a riƙa ba shi wa'azi sau biyu a wata.

Baba Fasto bai ce e ba, bai ce a'a ba. Ya ce, "Ɗana, akwai aikin da ya fi wannan gaggawa. Gwaggo mai daddawa tana fita ziyara kowace Alhamis, kuma ba ta iya karatu ba. Ka riƙa raka ta kana karanta mata Littafi Mai Tsarki. Bayan girbi sai mu sake magana."

Abin bai yi wa Malam daɗi ba. Gwaggo tsohuwa ce, mijinta ya daɗe da rasuwa. In ta sa baki a waƙar Zumuntar Mata, na kusa da ita sai sun ƙara murya don kada ta ɓatar da su. In aka ce ta yi addu'a, jimla uku ta gama. Amma maganar babba ce, ya bi.

Alhamis ta farko suka shiga gidan wata matashiya wadda mijinta ya rasu a hatsarin babur yana dawowa daga kasuwa. Mako uku ke nan da rasuwar, masu zuwa gaisuwa sun ɗauke ƙafa. Tsakar gida cike da ganyen darbejiya, tukunyar jiya tana nan da ƙanzo a ciki, yara biyu suna zaune fururu, ita kuma tana cikin ɗaki ta juya fuska ga bango, jariri yana kuka a gefenta.

Malam ya yi sallama, ya ce, "Yaya muka ji da haƙuri?" Ya buɗe wasiƙar Bulus ta fari zuwa ga Tasalonikawa, sura 4, inda ake ƙarfafa masu bi game da waɗanda suka rasu, ya karanta, ya shiga bayani. Gaskiya ya faɗa, kuma ya faɗe ta da kyau. Ya kai rabin awa yana magana, matar ko motsi ba ta yi ba.

Gwaggo kuwa ba ta ma shiga ɗakin ba. Ta ɗauki tsintsiya ta share tsakar gida, ta jawo ruwa ta yi wa yaran wanka, ta kankare tukunya, ta hura wuta ta dama kunun tsamiya. Sa'an nan ta shigo da ƙwarya a hannu, ta zauna a ƙasa, ta jawo kan matar ta ɗora a cinyarta, ta fara tsefe mata kitson da ya cukurkuɗe. Can ta ce, "'Yata, tashi ki sha. Ban ce ki daina kuka ba. Amma ɗan nan nono yake jira, kuma ba shi da kowa sai ke."

Matar ta fashe da kuka mai ƙarfi, irin wanda aka daɗe ana dannewa. Gwaggo ta bar ta ta yi mai isarta. Da ta lafa, ta sha kunu, ta ɗauki jaririn. Sai a lokacin Gwaggo ta waiwaya ta ce, "Malam, yanzu karanta mana. Kaɗan." Ya sake karanta wurin da ya karanta ɗazu, bai ƙara ko kalma ɗaya tasa ba, matar tana saurare tana gyaɗa kai.

Haka suka yi ta yi har damina ta ja baya. Gidan mara lafiya, gidan da miji da mata suka daina magana, gidan tsohon da 'ya'yansa suka tafi birni suka manta da shi. Duk inda Gwaggo ta zauna, sai zuciya ta yi sanyi.

Malam ya kasa haƙuri har girbi. Ya tarar da Baba Fasto yana ɓare gyaɗa a zaure, ya zauna ya sa hannu, ya ce, "Baba, ni na iya magana, ita ba ta iya ba. To, don me ita ake ji?"

Baba Fasto ya ce, "Iya maganarka daga Allah take, kada ka raina ta. Amma irin wannan kyauta Allah yana ba kowa, mai bi da wanda ba mai bi ba. Maroƙi ma ya iya magana. Baiwar Ruhu kuwa ana ba mai bi ne domin amfanin 'yan'uwa, kuma Ruhu ne yake rabawa yadda ya ga dama. Bakinka guga ne mai kyau, sabo fil. Na Gwaggo duk faci ne. Amma mai ƙishi ba guga yake sha ba, ruwan da aka jawo yake sha."

Malam ya ce, "Ke nan hazaƙa ba ta da amfani a aikin Ubangiji?"

"Wa ya ce? Duba Fitowa sura 31. Bezalel gwanin aikin zinariya ne da azurfa da tagulla da sassaƙa, Allah ya cika shi da Ruhunsa ya yi aikin alfarwa ta sujada. Can hazaƙa da baiwa sun haɗu a hannu ɗaya. Musa kuma da kansa ya yi kukan cewa harshensa yana da nauyi, amma shi aka aika wurin Fir'auna. Ga kuma ɗan'uwanka Afolos, mutumin Iskandariya, a Ayyukan Manzanni sura 18. Gwanin magana ne, masanin Littattafai, duk da haka sai da Akila da matarsa Bilkisu, masu ɗinkin tanti, suka ja shi gefe suka ƙara fahimtar da shi. Bai yi fushi ba, ya saurara, ya zama babban taimako ga masu bi a Akaya." Ya watsa ɓawon gyaɗa gefe ya ƙara da cewa, "Mutanen Korinti suna da baye-baye da yawa, amma gasa ta raba su. Shi ya sa Bulus ya sa zancen ƙauna a sura 13, tsakanin surori biyu da suke magana a kan baye-baye. Ka kuma karanta Romawa 12. Za ka ga yin jinƙai da ƙarfafa zuciya a jeri ɗaya da annabci. Can sunan aikin Gwaggo yake."

Ni ina ganin nan ne da yawa daga cikinmu muke tuntuɓe. Mun saba auna baiwa da abin da ake yi a gaban jama'a, mai waƙa da mai wa'azi da mai kiɗa, har wadda take wanke wa mara lafiya zane takan ɗauka Allah bai ba ta kome ba. Kuma sau da yawa mutum ba ya ganin baiwarsa da kansa, waɗanda suka amfana da ita ne suke nuna masa.

Haka ya faru da Malam. Wata Alhamis sun koma gidan matashiyar nan da mijinta ya rasu, Gwaggo tana ciki, shi kuma yana waje da babban ɗan matar. Ya ɗauki tsinke yana zana masa baƙaƙe a ƙasa. Yaron ya yi ta juya "b" ta koma "d", Malam ya yi ta gogewa yana sake zanawa, ba tsawa, ba gajiya, har yaron ya kama. A hanyar gida Gwaggo ta ce, "Malam, yau na ga abin da Ubangiji ya ba ka. In kana wa'azi, kai muke gani. Da kake koya wa yaron nan, shi kake gani." Ta ɗan yi shiru, ta ce, "Mu nawa ne a Zumunta muke rungume da Littafi ranar Lahadi ba mu san abin da ke ciki ba?"

Maganar ta tsaya masa a rai. Tun 1932 aka buga Littafi Mai Tsarki cikakke da Hausa, amma ga iyayensa mata suna riƙe da shi sai an karanta musu. Ya koma wurin Baba Fasto, bai tayar da zancen wa'azi sau biyu a wata ba, ya roƙi a ba shi majami'a da yammacin Talata.

Kafintan garin ya haɗa masa allo daga ragowar katakon benci. Mata suka fara zuwa da goyo a baya, wasu suna jin kunyar riƙe alli. Iya maganar nan tasa ba ta tafi a banza ba, da ita yake sauƙaƙa abu mai wuya har tsohuwa ta gane ta yi dariya. Kafin Ista ta zagayo, matar da mijinta ya rasu ta tsaya a taron Zumunta ta karanta Zabura 23 da kanta, tana bin layi da yatsa.

Gwaggo dai ba ta wuce rubuta sunanta ba, ta ce idonta ya yi rauni. Amma ita ce take bi gida gida ranar Talata tana tattaro masu jin kunya, kuma har yanzu Malam yana raka ta ziyarar Alhamis. Da dattawa suka zauna tsara aikin shekara, suka bar masa wa'azi sau ɗaya a wata uku kamar dā, suka kuma ware kuɗi daga baiko don sayen alli da littattafan koyon karatu, domin mazan garin su ma sun fara tambaya ko za a buɗe musu aji da dare.