Koyi Ko Sata?

Gabatarwa

Akwai wata tambaya da ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya, na ga ya kamata in kawo ta gaban 'yan'uwana ɗalibai da malamanmu a wannan mujalla tamu, ko ma gudu tare mu tsira tare. Tambayar kuwa ita ce: ina iyakar koyi take, daga ina kuma sata ta fara? Kowa ya san da koyo akan iya, babu wanda aka haifa da alƙalami a hannu. To, amma idan mai koyo ya ɗauki aikin wani ya aza a gabansa, yaushe za mu ce masa madalla, yaushe kuma za mu kira shi ɓarawo? A kaina abin ya faru, saboda haka zan fara da labarin kaina, ko da yake labarin ba na yabo ba ne.

Yadda abin ya faru

Ni mutumin Janfalan ne, cikin ƙasar Ikara. Kafin in shigo Sashen Hausa sai da na yi shekara guda a wata babbar makaranta a Zariya ina koyon zanen ɗab'i, watau sana'ar tsara bangon littafi da tambarin kamfani da takardun talla da allunan bakin hanya. A zango na farko ba a bari mun taɓa kwamfuta ba. Daga fensir sai rula sai tawada, mu wuni muna jan layi, muna maimaita harafi ɗaya har yatsu su ƙage. A lokacin gani nake yi ɓata lokaci ne kurum, tun da na'ura tana iya yin wannan kafin ƙiftawar ido.

A zango na biyu aka ba mu babban aiki. Aka ce kowane ɗalibi ya nemi wani mai ƙaramar sana'a a garinsu, ya zana masa tambarin da za a riƙa mannawa a jikin hajarsa, aka ba mu mako huɗu. Ban sha wuyar zaɓe ba, domin kawuna mai mazarƙwaila ne. Duk wanda ya san ƙasar Ikara da Maƙarfi da Kudan ya san ƙasar rake ce. A kan idona na tashi ana matse rake, a dafa ruwan har ya yi kauri, a zuba a 'yan tasoshi ya daskare. Kawu ya shekara da shekaru yana wannan sana'a, amma ko sau ɗaya sunansa bai taɓa bin kayansa zuwa kasuwa ba.

Mako uku ina zanawa ina yagawa. Da na ga saura kwana uku, sai cikina ya ɗuri ruwa. Da dare na ɗauki wayata na shiga intanet, ban daɗe ba na ci karo da tambarin wani mai sayar da irin wannan zaƙi a ƙasar Indiya: karan rake biyu sun gitta juna a kan curi guda, an kewaye su da zobe. Na kwafe shi, na sauya launinsa, na share rubutunsu na sa namu. Abu ɗaya ya tsaya mini a wuya. Salon haruffan da ya dace da zanen ba shi da ƙ mai ƙugiya, duk sa'ad da na buga “mazarƙwaila” sai wani ɗan akwati ya fito a tsakiyar kalmar. Tilas na koma ga fensir da rula, na kwana ina zana ƙugiyar nan da hannu har kaurinta ya yi daidai da na sauran haruffan. Na miƙa aiki. Malam ya yaba, ya kafe shi a allon ɗakin zane, ya ba ni maki mai tsoka.

Da aka yi hutu na kai wa Kawu takardar ina taƙama. Ya yi murna ƙwarai, amma da ya ƙara dubawa sai ya ce, “Ɗana, wannan curin ai ba irin namu ba ne. Namu kamar gindin tasa yake, wannan kuwa sai ka ce an kife bokiti.” Kakana yana gefe a kan buzunsa. Shi maɗinki ne, ya ƙarar da ƙuruciyarsa a kan aikin riguna har idonsa ya yi rauni. Ya karɓi takardar ya kai ta dab da fuska, ya ce, “Kai ɗan boko, a wurin wa ka ɗauko wannan?” Na ce, “Ni na yi, Kaka.” Ya ce, “Ai ban ce ba kai ka yi ba. Cewa na yi, a wurin wa ka ɗauko?” Daga nan ya shiga lissafa mini nasa: aska takwas a wurin wane ya koya cikin birnin Zariya, shi kuma wane a wurin mahaifinsa. Ashe tsohon ba tuhumata yake yi ba. A sana'arsu wannan ita ce tambayar farko da akan yi wa mai aiki, kuma amsa ta abin alfahari ce. Ni kuwa na rasa ta cewa.

Hujjar da na kare kaina da ita

Kwana da kwanaki ina shari'a da zuciyata, kuma lauyan da ke kare ni ba rago ba ne. Ya ce mini: shi Kakan shi ya ƙago aska takwas? Dagin da muke gani a bangon gidaje da huluna da jakunkunan fata, wa ya nemi izinin wa kafin ya zana shi? Mai zayyanar allo ba abin da ya gani a wurin malaminsa yake maimaitawa ba? Ya ƙara da cewa: dubi Alhaji Abubakar Imam, wanda kowane ɗalibin Hausa ke tinƙaho da shi. Manazarta sun nuna cewa labarai da dama na Magana Jari Ce, wanda ya rubuta a Zariya a 1936, suna da tushe a littattafan Larabawa irin su Alfu Laila wa Laila da kuma tatsuniyoyin Turawa. Dubi kuma ɗaliban nan da suka kafa ƙungiyar masu zane ta Zariya a 1958, su Uche Okeke da Demas Nwoko da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo. Dabarun Turawa suka haɗa da zane-zanen gargajiyar garuruwansu, Okeke ma zanen uli na matan ƙabilar Ibo ya ɗauko. In duk waɗannan ba ɓarayi ba ne, don me ni zan zama ɓarawo?

Lalle wannan hujja tana da ƙarfi, kuma rabinta gaskiya ne. Babu mai fara aiki daga sarari. Wanda ya ce bai ɗauki kome daga kowa ba, ko dai maƙaryaci ne ko mai mantuwa. Amma da na natsu sai na ga bambanci uku tsakanina da mutanen da na fake da su.

Bambanci uku

Na farko, su ba su ɓoye ba. Kaka da bakinsa yake faɗin malaminsa tun ba a tambaye shi ba. Imam ya bayyana a tarihin rayuwarsa cewa Dokta East ya tara masa littattafai iri iri don ya yi aiki da su. Tun kafin zuwan boko ma haka al'adar ilmi take a ƙasar nan: Malam Abdullahi ɗan Fodiyo littafi guda ya rubuta, Ida'un Nusukhi, don ya ambaci malaman da ya ɗauki karatu a wurinsu. Ni kuwa dabarata duka a kan ɓoyewa ta tsaya. Sauya launin da na yi ba don zanen ya ƙara kyau ba ne, don kada a gane ne. Wannan ma'auni ne mai sauƙi da kowa zai iya auna kansa da shi: in za ka ji kunya a aza asalin kusa da naka, to, ka san inda ka tsaya.

Na biyu, abin da suka ɗauka ya bi ta hannunsu ya narke. Imam ya ɗauki ƙashin labari, ya sa masa tsoka da jinin Hausa, ya sa shi a bakin aku cikin fadar sarki, har Bahaushe ya karanta ya ji kamar a zauren gidansu aka yi abin. Almajirin maɗinki kuma yakan yi shekaru yana bin zanen maigidansa da allura kafin a sallame shi, kuma a cikin bin nan ne hannunsa ke faɗawa. Nawa zanen bai bi ta hannuna ba ko kaɗan, daga wannan na'ura ya faɗa waccan. A cikin takardar nan duka, ƙugiyar ƙ ce kaɗai na yi wa gumi, ita kaɗai ce kuma zan iya sāke zanawa yau in an ƙwace mini waya.

Na uku, akwai kayan gayya, akwai kayan mutum. Dagi da aska takwas kamar karin magana suke, gadon jama'a ne, kowa ya ɗiba ba ya rage wa wani. Tambarin mai sana'a kuwa kamar sunansa ne, da shi masu saye ke gane shi. Wanda aka ɗinka wa riga shi take yi wa daidai, shi ya sa Kawu, wanda bai taɓa shiga ɗakin zane ba, ya gane curin ba nasa ba ne da kallo biyu. Masu iya magana sun ce zanen aro ba ya rufe katara.

Wa aka cuta?

Saura tambaya guda, wadda ta fi sauran wuya. Wani zai ce: mutumin Indiya bai san ka yi ba, ko tsinke bai rasa ba, to, ina cutar take? Gaskiya ne Nijeriya tana da dokar haƙƙin mallaka, sabuwarta ma ta 2022 ce, amma na san babu mai kai ni kotu a kan aikin aji. Da na zauna na ƙirga waɗanda na cuta, sai na tarar duk suna kusa da ni. Akwai abokan karatuna da suka yi mako huɗu suna fama, aikinsu bai kai na aro sheƙi ba, aka sa su a bayana. Akwai Kawu, da na so in manna wa kayansa sunan wani. Akwai kuma Malam. Maki shaida ce, malami yana shaida wa duniya cewa wane ya iya kaza. Ni na sa bawan Allah ya yi shaidar zur ba da saninsa ba, ya sa hannu a kai. Daga ƙarshe akwai ni kaina, da iyayena suka sayar da amfanin gona don in koyi zane, na tsallake koyon na ɗauko makin.

Da aka koma makaranta na sami Malam a ofis na ce, “Allah ya gafarta Malam, aikin nan da aka kafe ba nawa ba ne.” Na nuna masa asalin a waya. Ya daɗe bai ce uffan ba. Sa'an nan ya soke makin, ya ce in cire takardar daga allo da hannuna, ya ba ni mako biyu in sāke. Cire takardar nan a gaban 'yan ajinmu ya fi mini soke makin ciwo. Na koma na zana curin Kawu yadda yake, na ja ƙugiyar ƙ ta yi tsawo ta zama ganyen rake. Makin da na samu matsakaici ne, kuma ba zan ce zanen ya kai na farko kyau ba. Amma shi Kawu ya sa aka sassaƙa masa a hatimi. Ƙugiyar nan kuma ita ta sa na fara tambayar yadda aka yi haruffanmu suka samu ƙugiya a shekarun 1930, zamanin da aka kafa Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939, tambayar da ta yi ta jana har ta kawo ni wannan sashe.

Kammalawa

Kada ɗan'uwa mai karatu ya ce wannan matsalar masu zane ce. Mu ma a nan muna da tamu. Ɗalibi yakan ɗauko kundin wani daga wata jami'a ya sauya sunan gari ya miƙa. Wani yakan je ƙauye ya kwashi tatsuniya da waƙar daka a bakin tsofaffi, ya sami digiri da su, ko sunan tsohuwar bai rubuta ba. Ga kuma na'urorin zamani da za ka ba umarni su zana maka hoto ko su rubuta maka muƙala, waɗanda in an tambaye ka a wurin wa ka ɗauko, ko kana son faɗa ba ka sani ba. Da neman gafarar malamanmu kuma, tambayar Kaka ba ɗalibi kaɗai ta shafa ba, ta shafi duk wanda ya taɓa amfani da binciken ɗalibinsa.

Ban ce na warware matsalar duka ba. Har yanzu ban san iyakar abin da ya kamata a ambata ba, domin in mutum ya ce zai lissafa duk wanda ya amfana da shi, tun daga mahaifiyarsa zai fara, takarda kuwa ba za ta isa ba. Ina fata wani daga cikin masu karatu zai ɗora daga nan a fitowa ta gaba. Abin da na riƙa dai shi ne, kafin in miƙa kowane aiki nakan yi wa kaina tambayar tsohon nan, in na ji amsar ta maƙale a maƙogwaro sai in koma in sāke. Allah ya sa mu dace, amin.