Shirun 'Yan Kallo

A watan Maris na 2025, a garin Uromi na jihar Edo, an tare wasu mafarauta 'yan Arewa da suka taso daga Fatakwal za su tafi gida hutun sallah, aka kashe 16 daga cikinsu. Duniya ta ga abin ne domin akwai waɗanda suka tsaya ɗauka da waya. A irin wannan ta'asa, masu ɗaga sanda ba su kai 'yan kallo yawa ba, kuma daga fuskokin 'yan kallon azzalumi ke samun ƙarfin gwiwa. Yana ɗaga hannu yana waiwaye, da ya ga babu mai cewa "kai, bari!", sai ya ɗauka an sa masa hannu.

Wani zai ce ai tsira da rai wajibi ne, kuma mutum ɗaya ba ya tare gungun da ya fusata. Gaskiya ne, ba kowa ne Liman Abubakar Abdullahi ba, dattijon ƙauyen Nghar a Barikin Ladi da ya ɓoye Kiristoci sama da 200 a masallaci da gidansa a watan Yunin 2018, ya tsaya gaban mahara yana roƙo, ya ƙi ba su hanya. Amma tsakanin jarumtarsa da naɗe hannu akwai fili mai faɗi. Akwai kiran 'yan sanda, akwai ƙin tura jita-jitar WhatsApp da ke hura wutar, akwai kiran matashin da ka san ubansa da sunansa a tsakiyar taro, domin wanda aka ambaci sunansa ya san an shaida shi. Akwai kuma ba da shaida a kotu. Hadisin da ya jera matakan gusar da munkari ya sa ƙi da zuciya a ƙarshe, ga wanda ya kasa na hannu da na harshe. Mu kuwa, abin kunya, can muke tsallakawa tun ba mu gwada baki ba.

Inda gizo ke saƙar shi ne lokacin da masu aika-aikar namu ne. Yin tir da kisan Uromi ba wuya ga ɗan Arewa. Amma da ɗalibai suka kashe wata ɗaliba mai suna Deborah Samuel a Sakkwato a 2022, majalisar Sarkin Musulmi ta yi Allah-wadai da ɗaukar doka a hannu, yayin da bakuna da dama masu kaifi a wasu ranaku suka yi gum.