Taƙawa ko Ƙwarewa: Wa Ya Dace Ya Riƙe Amanar Makaranta?

Duk ƙungiyar taimakon ilimi da ke son gwamnati ta san da zamanta, a Kiru take ko a Doguwa, sai ta kai sunayen amintattunta gaban Hukumar Rajistar Kamfanoni, wato CAC. Dokar kamfanoni ta 2020 ba ta tsawwala sharaɗi ba. Kada amintacce ya zama ƙaramin yaro, ko mai taɓin hankali, ko wanda kotu ta tabbatar da karyewarsa kuma bashi bai sake shi ba, ko wanda aka kama da laifin zamba cikin shekaru 5 da suka wuce. Sai a buga sunayen a jarida, a saurara kwana 28 ko akwai mai ƙorafi. Doka ba ta tambayar ko mutum ya taɓa riƙe alli, ko ya iya karanta takardar banki, ko ya san kuɗin buhun siminti.

Abin da doka ta bari, jama'a ne ke cike shi, kuma kusan jeri ɗaya ake gani a ko'ina: hakimi ko dagaci a sama, sai liman, sai attajirin gari, sai tsohon hedimasta, sai wani ɗan gari da ke babban aiki a Kano ko Abuja. Idan wani matashi ya ce a sa akanta ko injiniya, dattijo yakan amsa masa da cewa abin da ake nema shi ne mai tsoron Allah. Idan dattijo ya kawo sunan malamin da kowa ya yarda da shi, matashi yakan ce a ransa, ai ba limanci za a yi ba. A ƙarƙashin wannan ja-in-ja akwai tsohuwar tambaya ta addini: shin nagartar mutum ta isa ta sa a damƙa masa al'amarin jama'a, ko kuwa sai an duba abin da ya iya?

Musulunci bai bar tambayar a buɗe ba. A ƙissar Annabi Musa a Madyana, lokacin da ɗiyar wani dattijo ta ba mahaifinta shawarar ya ɗauke shi aiki, siffofi biyu ta ambata tare, ƙarfi da amana. Da Annabi Yusuf ya nemi a ɗora shi a kan taskokin Masar, hujjarsa ita ce zai tsare dukiya kuma ya san aikin. Mafi ɗaukar hankali shi ne labarin Abu Zarri, sahabin da aka shaide shi da gaskiya da gudun duniya. Ya nemi Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ba shi muƙami, sai aka hana shi, aka nuna masa cewa yana da rauni a wannan fanni, muƙami kuwa amana ce. Babu wanda ya yi shakkar imaninsa. Abin da aka duba shi ne ko zai iya ɗaukar nauyin. Haka kuma a sha'anin barbarar dabino a Madina, Annabi da kansa ya mayar da magana hannun manoma, domin su ne suka san gonarsu.

Ibn Taimiyya, wanda ya rasu a 1328, ya tsaya a kan wannan a littafinsa na siyasar Shari'a. Ya lura cewa da wuya a sami ƙarfi da amana sun cika a jikin mutum ɗaya, don haka a duba abin da kowane aiki ya fi buƙata, idan kuma mutum ɗaya bai wadatar ba, a haɗa mutane da yawa su cike wa juna. Hikimar kafa kwamiti ke nan. Sai dai akwai bambanci tsakanin siffofin biyu, kuma a nan ne ƙungiyoyi da yawa ke tuntuɓe. Ƙwarewa ana iya tara ta: wannan ya kawo lissafi, wancan ya kawo sanin koyarwa, wata ta kawo sanin halin da iyaye mata ke ciki. Amana kuwa ba ta taruwa haka. Amintattu shida ba sa wanke maha'inci ɗaya da ke riƙe da littafin ceki. Saboda haka amana sharaɗi ce a kan kowane mamba shi kaɗai, ƙwarewa kuma wajibi ce a kan kwamitin baki ɗaya, irin wajibin da malamai ke kira farilla kifaya, wanda idan aka rasa mai ɗauke shi laifi ya hau kan kowa.

Ƙasar Bebeji ta san rawar da ɗan kasuwa ke takawa a wannan fage. A nan aka haifi Alhassan Ɗantata a 1877, a nan ya yi karatun allo, kafin fataucin goro ya kai shi Gwanja da Ankara, cinikin gyaɗa kuma ya ɗaga sunansa har ya rasu a 1955. Ɗansa, Alhaji Aminu Ɗantata, wanda ya yi kwamishina a gwamnatin Audu Baƙo kuma ya rasu a watan Yuni na 2025, yana cikin manyan da suka tsaya wa Gidauniyar Jihar Kano, asusun da aka kafa a shekarun 1980 don tallafa wa ilimi da ƙananan 'yan kasuwa. Gidauniyar ta kafa makarantar sakandare a Bebeji. Abin da attajiri ke kawowa ya wuce kuɗi. Ya san cewa jarin da ba ya juyawa ƙarewa yake yi, ya san yadda ake cinikin bulo da kwano, ya san ɗan kwangilar da ke cika alkawari. Makarantar da babu mai irin wannan ido a kwamitinta takan gina aji huɗu a shekarar farko, ta kasa biyan albashi a ta biyu.

Amma fiƙihun Malikiyya, wanda shi ne ake karantarwa a zaurukan Kano tun ƙarnoni, ya sa wa mai bayarwa iyaka mai ban mamaki. Wanda ya yi hubusi, wato waƙafi, dole ne dukiyar ta fita daga hannunsa. Idan ya ci gaba da riƙe ta har ya mutu ko ya karye, hubusin ya ɓaci, haka ma idan ya sharɗanta cewa shi ne zai kula da ita. Malamai sun gane cewa abin da aka ba Allah, muddin yana aljihun mai shi, bai gama barin mulkinsa ba. Wannan hukunci yana magana kai tsaye da gidauniyoyin yau, inda mai kuɗi ne shugaba, ƙaninsa ma'aji, surukinsa sakatare. Irin wannan makaranta takan rayu da ran mai ita, ta shiga rabon gado bayansa. Wurin attajiri a kwamiti wuri ne mai daraja, amma kujera ɗaya ce cikin kujeru.

Akwai misalin da ya nuna amfanin haɗa hannu. A 1969 aka kafa ƙungiyar Islamic Education Trust, wadda daga baya ta zauna a Minna. Cikin waɗanda suka kafa ta akwai Shaikh Ahmad Lemu, malamin makaranta da ya zama Babban Alƙalin Shari'a na Jihar Neja, da Hajiya A'isha Lemu, 'yar asalin Ingila da ta karɓi Musulunci, ta shugabanci makarantun 'yan mata a Sakkwato da Minna, ta rubuta littattafan darasin addini da ɗaliban sakandare suka daɗe suna karantawa, da kuma Alhaji Sani Ashafa Sulaiman. Ɗaya ya zo da fiƙihu da sanin shari'a, ɗaya ta zo da sanin aji da manhaja. Hajiya A'isha ta rasu a 2019, Shaikh Lemu a 2020, amma ƙungiyar da makarantunta suna nan suna aiki, domin tun farko ba a gina ta a kan mutum ɗaya ba.

Ita ma gwamnati ta taɓa gane hakan. Babban taron manhaja na ƙasa da aka yi a Legas a watan Satumba na 1969 bai tsaya kan malaman jami'a da jami'an ma'aikata ba. An gayyaci ƙungiyoyin manoma da na ƙwadago da na mata, da shugabannin addini da 'yan kasuwa, kuma daga shawarwarinsa aka gina manufar ilimi ta ƙasa ta 1977. Bayan shirin firamare kyauta na 1976 ya cika azuzuwa maƙil, masana sun hallara a Bagauda a watan Satumba na 1980 don auna yawa da inganci a ilimin Najeriya. Yau Makarantar Horar da Lauyoyi ce ke harabar tsohon otal ɗin Bagauda, kuma duk shekara ɗaruruwan masu shirin zama lauyoyi na zaune a tsakiyar garuruwan da ƙungiyoyinsu ke buƙatar wanda zai duba musu takardar fili. Bayan taron Bagauda ne aka shigo da kwamitocin kula da makarantu na SBMC, waɗanda tsarinsu ya tanadi kujera ga sarauta da malaman addini da mata da masu sana'ar hannu da tsofaffin ɗalibai, har da su ɗaliban.

A kudancin Kano wannan batu ya fi nauyi, domin akwai ƙwarewar da ba ta da takardar shaida. Madatsar ruwa ta Tiga, wadda aka kammala a 1974, ta sa noma ba ya tsayawa da ɗaukewar damina. Manomi ne zai gaya wa kwamiti watan da iyaye ke da kuɗi a hannu da watan da rumbu ke ƙasa, da makonnin da yara ke ɓacewa daga aji saboda girbin masara ko tsinkar tumatir. Kwamitin da ya sa ranar biyan kuɗin makaranta a tsakiyar watan Agusta bai rasa masu digiri ba, manomi ya rasa. A gefen dajin Falgore, Arɗo ne ya san lokacin da rugage ke tashi da lokacin da suke dawowa, kuma ko Hukumar Ilimin Makiyaya da aka kafa a 1989 ba ta da hanyar isa ga yaro sai ta bakin irinsa. A Riruwai, mai haƙar kuza ya san shekarun da rami ke fara janye yaro daga allo.

Sannan akwai mata. A Tudun Wada, matan da ke turara shinkafa da sayar da ita suna juya kuɗi, suna riƙe adashi, sun san wace yarinya ce aka cire daga makaranta da dalilin cire ta tun kafin labari ya kai zaure. Masu jin nauyin sa mace a kwamitin amintattu suna iya tuna cewa Sayyadina Umar, da ya yi waƙafin gonarsa ta Khaibara, 'yarsa Hafsa ya bar wa kula da ita. Nana Asma'u 'yar Shehu kuwa, da ta tsara karatun 'Yan Taru, dattawan matan karkara ta naɗa a matsayin jaji, wato jagororin karatu, domin su ne ke iya shiga gidajen da malami namiji ba ya shiga.

Masu ɗari-ɗari da wannan ra'ayi suna da hujja, kuma ta cancanci a saurare ta. Sukan ce idan aka cika kwamiti da masu sana'a daban-daban, makaranta takan manta abin da aka kafa ta dominsa. Akanta zai ce a kori marayan da ba su biya ba, lauya zai ce kada a taɓa komai sai an rubuta, a wayi gari Islamiyya ta koma shago. Wannan haɗari gaskiya ne, kuma shi ya sa kujerar malami ba ta ado ba ce. Aikinsa a kwamiti ya wuce buɗe taro da addu'a. Shi ne mai tuna wa kowa cewa dukiyar ta Allah ce, cewa sharaɗin wanda ya ba da ita abin kiyayewa ne, cewa jinkirta haƙƙin malamin aji zalunci ne ko da lissafi ya nuna riba. Haka shi ma tsohon malamin makaranta, wanda sau da yawa ake mayar da shi mai rubuta bayanin taro kawai, alhali shi kaɗai ne a ɗakin zai iya shiga aji uku ya gane cikin minti goma ko yara na karatu ko haddar baki suke yi.

Haɗarin da ya fi wannan yawa shi ne na manyan sunaye. Ana jera farfesa da tsohon babban sakatare da ɗan majalisa a takarda don a burge masu ba da tallafi, alhali wasunsu ba su taɓa taka harabar makarantar ba. A mahangar Shari'a, wanda ya yarda aka rubuta shi amintacce ya ɗauki nauyi, zuwansa taro ko rashin zuwansa bai sauke masa ba. Idan rufin aji ya faɗo, ko kuɗin marayu ya salwanta, sa hannunsa na nan. Wanda hidimominsa ba za su bar shi ya halarci zama ba, ya fi masa sauƙi duniya da lahira ya zama uban ƙungiya, ya ba da gudummawa da shawara, ya bar kujerar ga wanda zai zauna a kanta.

Abin da ya rage shi ne tsari, kuma ba mai tsada ba ne. Kafin a cike gurbi, kwamiti ya lissafa ayyukan da ke gabansa, koyarwa da kuɗi da gini da shari'a da hulɗa da iyaye, ya ga wanne ne ba shi da mai shi, sannan ya nemi amintacce a wannan fanni. Mai riƙe kuɗi ya bambanta da mai ba da izinin kashe su. A sa wa kujeru wa'adi, don matasan da suka yi karatu su sami shiga tun dattawa na da ƙarfin nuna musu hanya. Rahoton shekara da doka ta wajabta a aika wa CAC da Turanci, a fara karanta shi da Hausa a gaban iyayen yara, maza da mata, a filin makaranta, a ranar da ba ta ci karo da kasuwar Kwanar Ɗangora ko ta Tudun Wada ba, a kuma bar lokacin tambayoyi.