Kafin ka hau motar Damaturu

Ɗana, na ji sunanka ya fito a Jami'ar Jihar Yobe, Allah ya sanya albarka. Zauna mu ɗan yi magana kafin ka nufi tasha, ke ma 'yata matso kusa, domin maganar ta shafe ki.

Kai ka buɗi ido ka ga jami'a a jiharku, shi ya sa kake ganin kamar haka abin yake tun fil'azal. Lokacin da aka ƙirƙiro Yobe a 1991, ɗan Potiskum mai son digiri sai ya niƙi gari zuwa Maiduguri ko Kano ko Zariya, kuma yara da yawa masu kaifin ƙwaƙwalwa a nan karatunsu ya tsaya, musamman 'yan mata, waɗanda iyaye ba sa iya sakinsu su yi nisa. Sai a 2006, zamanin Gwamna Bukar Abba Ibrahim, aka kafa jami'ar jiha a Damaturu, ta tarayya kuma ta zo Gashuwa a 2013. Bayan haka aka shiga shekarun da ba ma son tunawa. An kashe ɗalibai a Mamudo da Gujba a 2013, an kashe su a Buni Yadi, sannan ranar 10 ga Nuwamba 2014 bam ya tashi a makarantar kimiyya ta nan garin Potiskum, yara suna tsaye a layi da safe. Duk da haka iyaye suka share hawaye suka sake tura 'ya'yansu aji. Kujerar da za ka zauna a kai, wasu sun so ta, Allah bai nufe su ba, kuma ina so ka riƙa tuna wannan duk ranar da kasala ta ce ka kwanta a ɗaki ana lacca.

Jami'ar da za ka tarar ta girma. Tana koyar da likitanci, ga asibitin koyarwa a Damaturu, sannan a 2021 aka buɗe cibiyar binciken lafiya ta BioRTC ƙarƙashin Dokta Mahmoud Bukar Maina, ɗan jihar nan da ya yi suna wajen binciken ƙwaƙwalwa a Jami'ar Sussex ta Ingila. Na'urorin da a da sai an ƙetare teku ake ganinsu, yanzu ɗalibi zai sa ido a ciki ya ga ƙwayar halitta. Cikin ayyukan cibiyar har da bin diddigin ciwon ƙoda da ya daɗe yana cin mutanen Gashuwa da kewaye. Ka san ciwon nan. Ka ga magidancin da ya sayar da shanu, ya sayar da gona, ƙafafunsa a kumbure, ana ta kai shi wankin ƙoda har abin hannun ya ƙare.

To, nan ne maganata take. Aiki irin wannan amana ce zalla, domin wanda aka ɗebi jininsa ba ya nan lokacin da ake duba shi, abin da aka rubuta masa shi zai karɓa ya ce na gode. Ɗalibin da ya saba rubuta amsa a tafin hannu, ko ya cusa waya cikin safa ranar jarrabawa, ba ya barin halin a bakin ƙofar zaure, da shi zai shiga ɗakin gwaji, kuma wata rana gajiya za ta kama shi ya cike takardar sakamako ba tare da ya duba ba. Na san ba haka aka rene ka ba. Amma zuciya tana da rauni, za ka ga abokai sun yi sun wuce lafiya, kai da ka kwana kana karatu ka fito da maki kaɗan, ranka ya sosu. Ka haƙura. Ka faɗi darasi ka maimaita ya fi maka alheri a kan ka riƙe takardar da kai kanka ka san babu komai a bayanta, domin ko malamin makaranta ne kai gobe ko alƙali ko akanta, mutane ne za su sha abin da ka dama.

Sai batun kuɗi. Tun 2024 akwai lamunin ɗalibai na NELFUND, yana biyan kuɗin makaranta, yana ba da na kashewa duk wata, babu ruwa a ciki. Ka nema idan kana da buƙata, ba abin kunya ba ne, amma sunansa bashi, kuma za a fara nemansa shekara biyu bayan ka gama bautar ƙasa. Kada ya tafi a sabuwar waya ko cacar ƙwallo.

Idan ka kai shekarar ƙarshe aka ce ka rubuta bincike, kada ka saya a shagon kwamfuta. Garinku cike yake da tambayoyin da ba a amsa ba. Ka shiga kara ranar Laraba, kasuwar shanun da ake zuwa daga Nijar da Chadi, ka zauna da dillalai da makiyaya ka ji cutar da ke kashe musu dabbobi. Ka tambayi 'yan kasuwar hatsi yadda ƙwari ke cinye musu wake, ka tambayi direbobin tirela abin da suke sha don kada barci ya ɗauke su. Ka gaishe su da ladabi, ka rusuna, domin sun san abin da babu shi a littafinka. In ka zo hutu kuma, akwai ƙannenka a unguwa da ba su san yadda ake cike fom ɗin JAMB ba, ka tara su a zaure bayan la'asar ka nuna musu.

Allah ya tsare hanya, ya yi maka albarka.