Kaɗaici, Halwa da Ƙauracewa

Godiya ta tabbata ga Allah Makaɗaici, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa. Bayan haka, ya 'yan'uwa Musulmi, ku dubi kalmar nan "kaɗai". Daga gare ta mu ka sami "kaɗaita Allah", wato Tauhidi. Daga gare ta kuma mu ka sami "kaɗaici", abin da tsohuwa ke kuka da shi in an watse an bar ta a ɗaki. Tushe ɗaya ne. Amma ga Allah kamala ce, don ba ya bukatar kowa. Ga ɗan Adam kuwa rauni ne, don shi mabukaci ne tun daga hannun ungozoma har zuwa na mai haƙa kabari.

To, wani zai ce, ai Annabi (S.A.W.) ya keɓe a kogon Hira. Gaskiya ne, amma kafin wahayi ne, kuma in guzuri ya ƙare gun Nana Hadiza ya kan koma. Keɓewar da ya bar mana ita ce i'itikafi, a goman ƙarshe na Ramadan. A ina a ke yinsa? A masallaci, inda sahu zai cika da kai sau biyar kullum. Ina wannan, ina halwar kwana 40 a ɗaki mai duhu, mutum ya bar jam'i wai yana jiran rauhani? Halwar namiji da macen da ba muharramarsa ba kuwa, wannan haramcinta sananne ne.

Akwai kaɗaicin da ya fi waɗannan ɗaci, shi ne na cikin jama'a. Ku tuna Ka'abu ɗan Maliku (R.A.). A shekara ta 9 bayan hijira ya zauna bai fita yaƙin Tabuka ba, ba da wani uzuri ba, ya kuma faɗi gaskiya. Ba a dake shi ba, ba a ɗaure shi ba. An dai hana mutane yi masa magana, shi da 'yan'uwansa biyu, har kwana 50. Ya shiga kasuwa, ba mai tanka masa. Ya yi sallama a masallaci, yana satar kallon leɓen Annabi ko ya motsa. Ya haura katangar gonar Abu Ƙatada, ɗan baffansa, ya yi sallama, shiru. Sai da karɓar tubansu ta sauka a Suratut Tauba, aya ta 118.

Ka ga, wannan horo ne na mai laifi, kuma ya zo ƙarshe. Mu kuwa, subhanallahi, wanda bai yi komai ba mu ke yi wa. Mai takaba, wata huɗu da kwana goma Shari'a ta ce ta zauna gidanta ta bar ado. Ba ta ce a daina gaishe ta ba. Amma da an naɗe tabarmin ta'aziyya, shi ke nan, ƙafa ta ɗauke. Tsoho ma haka, a aika masa da kuɗi ta waya a ce an yi zumunci, shi kuwa yana zaure tun hantsi, da ya ji takun ƙafa sai ya ɗaga kai.