Laifin Tsiro Ko Na Mai Shuka?

A ƙasashen sanyi irin su Jamus da Ingila da arewacin Amurka akwai wani tsiro mai yaɗo da ake kira hof, wanda mutane da dama ke shukawa a bayan gidajensu. Yana hawa igiya kamar yadda doya ke hawa sanda, har ya kai mita 6 ko 7. Da hunturu ya shigo sai ganyensa ya bushe, amma saiwar tana nan da rai a ƙasa, da sanyi ya ja baya sai ta sake tohowa. Furen macen kaɗai ake tsinka, daga ƙarshen Agusta zuwa Satumba, a shanya shi, saboda wani gari rawaya da ke cikinsa mai ɗaci da ƙamshi. Wannan gari shi ke ba giyar Turawa ɗacinta, yana kuma hana ta saurin lalacewa.

Hof ba ya sa maye. Barasar da ke cikin giya tana fitowa ne daga tsiron sha'ir, bayan yisti ya cinye zaƙinsa. Da mutum zai tauna furen hof cike da kwarya, ɗaci kawai zai sha. To, mutumin da ya shuka shi a gidansa don ya dafa giya, me ya rataya a wuyansa? Tambayar ta wuce giya, domin ta shafi duk wanda hannunsa ke samar da abin da zai koma wani abu dabam: maƙeri da wuƙarsa, mai kemis da ƙwayoyinsa, manomi da hatsinsa.

Sai a fara da ba mai shukar haƙƙinsa. Aikinsa na haƙuri ne, don hof ba ya ba da cikakken amfani sai a shekara ta uku. Kafin nan sai an kafa dogayen sanduna, an ɗaure igiyoyi, an zaɓi rassa biyu ko uku an naɗe su da hannu, an datse sauran, an yi ta fama da ƙwari da fumfuna. Bayansa kuma akwai tsohon tarihi. Tun ƙarni na 12 Hildegard ta Bingen ta rubuta cewa ɗacin hof na hana abin sha ruɓewa. A 1516 mahukuntan Bavariya suka kafa doka cewa ba a dafa giya sai da ruwa da sha'ir da hof, kuma cikin dalilanta har da tanadin alkama domin burodi. Mai shuka hof a Hallertau ko a Kent yana ganin kansa magajin wata sana'a ta kakanni, ba mai ɓarna ba.

Sai dai haƙuri da ƙwazo bayi ne, kowa suka samu shi suke yi wa aiki. Ɓarawon da ya kwana uku yana fakon gida shi ma mai haƙuri ne. Kyan aiki ba ya wanke manufarsa, haka nan daɗewar al'ada ba ta mayar da ita daidai. Abin da ya bambanta mai shuka a gida da babban manomi shi ne babu kowa tsakanin niyyarsa da sakamakonta. Ba dillali, ba kasuwa, ba masana'anta. Shi ya shuka, shi ya tsinka, shi ya dafa, shi ya zuba wa baƙonsa. Ba shi da wanda zai nuna ya ce, "Ban san abin da za a yi da shi ba."

Wani zai ce ai mutumin nan ba ya ganin giya a matsayin laifi, addininsa bai hana ba, dokar ƙasarsa ma ta yarda, kamar yadda Amurka ta halatta dafa giya a gida a 1978. Gaskiya ne, kuma ba adalci ba ne a auna mutum da mudun da bai taɓa yarda da shi ba. Amma ko a nasa mudun nauyin bai sauka ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa barasa ta yi sanadin mutuwar mutum miliyan 2.6 a 2019. Wanda ya dafa da hannunsa ya san ƙarfin abin da ya dafa, ya san maƙwabcin da in ya fara ba ya iya tsayawa, ya san baƙon da zai tuƙa mota bayan ya tashi. Doka ta ba shi izini, ba ta karɓe masa saninsa ba.

Wani kuma zai ce hof na da wasu amfanoni. Haka ne. A Beljiyam ana cin sabon tohonsa kamar kayan lambu, ana dafa furensa a sha kamar shayi don samun barci, ana kuma sa shi a abin sha marar barasa. Wannan ya tabbatar da cewa tsiron ba shi da laifi. Bai wanke wanda ya riga ya yanke abin da zai yi da shi ba.

Duk da haka, mai shuka a gida ya fi wasu gaskiya. Tsakanin 1920 da 1933, lokacin da aka haramta barasa a Amurka, wasu masu gonakin inabi a Kalifoniya sun riƙa sayar da curin busasshen ruwan inabi tare da gargaɗi cewa kada a jiƙa shi a ajiye na kusan mako uku, don zai zama giya. Kowa ya gane cewa gargaɗin darasi ne. Waɗannan ba su dafa ko ɗigo ba, amma sun sani, sun kuma so. In ɓera na da sata, daddawa ma na da wari.

Masana sun daɗe da lura da wannan. Malaman Malikiyya da na Hanbaliyya sun hana sayar da inabi ga wanda aka san giya zai matsa, bisa ƙa'idar toshe kafar ɓarna, alhali ba su hana noman inabi ko kai shi kasuwa ba. Malaman Katolika, musamman Alfonso Liguori a ƙarni na 18, sun bambanta wanda ya taya mai laifi yana tarayya da shi a niyya da wanda abin hannunsa ya faɗa cikin laifin ba da son ransa ba. Hanyoyi biyu ne, amma abu uku suke aunawa: sani, da niyya, da kusanci.

Hof ba ya yin kirki a ƙasar Hausa, domin yana bukatar dogon yini irin na damunar Turai. Amma tambayarsa tana cikin rumbunanmu. Dawar da ake tuwo da kunu da ita, ita ce ake burkutu da ita. Tun da Najeriya ta hana shigo da tsiron sha'ir a 1988, masana'antun giya suka juya ga dawa, kuma daga tsironta ake yin lemon malt marar barasa. Manomin da ya kai buhu kasuwar Dawanau bai san inda zai ƙare ba, ba kuma za a ɗora masa abin da bai sani ba, in ba haka ba noma kansa zai gagara. Amma dillalin da ya ƙulla ciniki ya san tirelar wa yake lodawa. Idan ya yi imani cewa giya haramun ce, nisan masana'antar daga shagonsa ba zai zame masa hujja ba.

Saboda haka tsiro ba ya ɗaukar zunubi, ba ya kuma ɗauke wa kowa nasa. Nauyin mutum gwargwadon abin da ya sani ne da abin da ya nufa. Mai shuka hof a bayan gida ya ɗauki nasa duka a fili, kowa na iya ganin igiyoyinsa ta saman katanga. Wanda ya fi bukatar ya binciki zuciyarsa shi ne wanda ya san gaskiya sarai, sa'an nan ya jera mutane tsakaninsa da ita don kada a ga hannunsa.